Idan Haƙorin Yaro Ya Fita Da Saiwarsa: Shin Sabbin Likitocinmu Sun Shirya?

A ce da yamma ne bayan La'asar a unguwar Idi-Araba da ke Legas. Yara na buga ƙwallo a layi, sai wani ɗan shekara tara ya yi tuntuɓe ya kifa da baki a gefen kwata. Ya taso jini na zuba, haƙorinsa na gaba na sama yana yashe cikin ƙura, ya fita ɗungurungum har da saiwa. Abin da aka saba yi sananne ne. Uwa ta wanke masa baki da ruwan gishiri, a aika kemis a sayo maganin ciwo, wani babba a gidan ya ce, "A bar shi, ai yaro ne, wani zai fito." Haƙorin kuwa a haɗa shi da shara.

Wani ba zai fito ba. Haƙoran gaba na sama na dindindin kan fito ne tsakanin shekara 7 zuwa 8, daga su kuma babu wasu. Abin takaicin shi ne, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, inda ake horar da likitocin haƙori, a cikin wannan unguwa yake. Da an tsinci haƙorin an mayar da shi gurbinsa, ko an tsoma shi a madara an garzaya da yaron, da akwai kyakkyawan zaton ya kama, ya ci gaba da zama a bakinsa shekara da shekaru.

Wannan jinkiri na gida yana da wata illa ta biyu da ba kowa ke lura da ita ba. Yaron da ba a kai asibiti ba, ɗalibin da ke koyon likitancin haƙori bai gan shi ba. Ɗalibin nan kuwa shi ne likitan da za mu tarar gobe idan abin ya faɗa kan namu ɗan.

Ba ƙaramar matsala ba ce

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan lafiyar baki a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 ne suka taɓa samun rauni a haƙori, kuma a cikin yara 'yan ƙasa da shekara 12, abin kan shafi kusan ɗaya cikin biyar. Binciken da aka yi a makarantun kudu maso yammacin Najeriya ya nuna abin da aka gani a wasu ƙasashe: faɗuwa ce kan gaba wajen jawo raunin, haƙoran gaba na sama ne suka fi shan wahala, kuma akasarin yaran ba a kai su wurin likita ba. A biranenmu sai a ƙara da haɗarin acaɓa da Keke, da dambe tsakanin yara, da santsin tayil a banɗaki. Yaron da haƙoransa na sama suka turo waje, da mai fama da farfaɗiya, sun fi saura shiga haɗari.

Dalilin gaggawar

Haƙori ba a kafe yake a ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Akwai wasu siraran zaruruwa masu rai da suka lulluɓe saiwarsa, su ne ke ɗaure shi da ƙashin muƙamuƙi. Idan haƙori ya fita, wani sashe na zaruruwan kan biyo saiwar. Muddin suna da rai, za su iya sake haɗewa da ƙashi. Idan suka bushe, sun mutu.

Ƙungiyar masana raunin haƙora ta duniya, wadda aka fi sani da IADT, ta sabunta ƙa'idojinta a 2020, inda ta bayyana cewa idan haƙori ya yi minti 30 a bushe a wajen baki, yawancin ƙwayoyin halittar da ke jikin saiwar sun riga sun mutu. Wanda aka mayar cikin minti 15 shi ya fi samun nasara. Wanda ya haura awa ɗaya a bushe ma ana mayar da shi, amma sau da yawa saiwar kan manne da ƙashi, jiki ya riƙa cinye ta sannu a hankali har haƙorin ya tafi. Duk wanda ya san cunkoson Legas ko na Fatakwal ya san awa ɗaya ba komai ba ce a kan titi.

Asarar kuma ba ta kwana ɗaya ba ce. Ba a dasa wa yaro haƙorin ƙarfe a ƙashi sai ya gama girma. Ke nan ɗan shekara tara zai yi kusan shekara goma da giɓi ko da haƙorin roba na cirewa, a daidai lokacin da tsokanar abokai ta fi yi wa yaro ciwo.

Yadda ake horar da ɗalibin

A Jami'ar Legas aka fara koyar da likitancin haƙori a Najeriya a tsakiyar shekarun 1960. Daga baya Ibadan da Ile-Ife da Benin suka biyo, kafin a samu na Inugu da Fatakwal da Maiduguri da Kano da sauransu. Karatun shekara 6 ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin hukumar MDCN mai kula da likitoci ta ba mutum cikakkiyar rajista, sannan ya tafi yi wa ƙasa hidima.

A shekarun ƙarshe, ɗalibi kan yi aiki a bakin majinyata ana duba shi. Sai ya cire haƙora kaza, ya cike ramuka kaza, ya haɗa haƙoran roba kaza kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Duk waɗannan ana iya sa musu rana. Rauni kuwa ba ya sallama. Yakan zo ne da yamma, ko da dare, ko ranar Asabar, lokacin da ɗalibai sun tashi. Wanda ya zo da rana ma, galibi sai bayan makonni, da haƙorin ya yi baƙi ko dasashi ya kumbura. Ga shi kuma darasin a rarrabe yake: wani yanki a sashen haƙoran yara, wani a sashen gyaran haƙori, wani a sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Saboda haka ɗalibi na iya kammala karatu da sakamako mai kyau alhali bai taɓa riƙe haƙorin da ya fita yanzu-yanzu ya mayar da hannunsa ba.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan kuka ba. Binciken da aka yi a tsakanin ɗaliban ƙasashe da dama ya nuna da yawansu sun san amsar a takarda, amma ba su da ƙarfin gwiwar yin aikin su kaɗai. Gani ya kori ji. Bambancin shi ne, a nan likitocin haƙori sun yi ƙaranci, kuma ɗan hidimar ƙasa na iya samun kansa a asibitin wata ƙaramar hukuma shi kaɗai ne likitan haƙori, babu babban da zai leƙa ya tambaya.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ana iya sa kowane ɗalibi ya gwada mayar da haƙori da ɗaure shi a kan mutum-mutumin koyo ko a muƙamuƙin tunkiya har hannunsa ya faɗa. Ana iya sa shi kwanan aiki a sashen gaggawa, inda raunukan ke zuwa da jininsu. Ƙungiyar IADT ma tana da manhajar waya kyauta mai suna ToothSOS, wadda ke nuna matakan ɗaya bayan ɗaya, ga likita da ga iyaye.

Abin da za ku sa ran gani a asibiti

Likitan da ya shirya zai fara da tambayar yaushe abin ya faru, a ina, kuma a cikin me aka ajiye haƙorin. Zai duba ko yaron ya bugu a kai. Zai ɗauki hoto, ya mayar da haƙorin, ya manna siririyar waya mai lanƙwasuwa da ta haɗa shi da maƙwabtansa na tsawon mako 2. Zai duba batun allurar tetanus da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce a ci abinci mai laushi. Idan saiwar ta gama girma, za a fara aikin wanke cikinta a cike ta kafin mako 2 su cika. Idan ba ta gama ba, akan jira a gani, domin jijiyar kan iya farfaɗowa. Bayan nan akwai komawa a kai a kai har aƙalla shekara 5. Idan aka ce muku kawai a jefar da haƙorin a rubuta magani, kuna da damar tambayar dalili, ko ku nemi a tura ku asibitin koyarwa.

Rabon iyaye da malamai

Idan yaro ya suma, ko yana amai, ko ya rikice, ku fara da sashen gaggawa, domin kai ya fi haƙori. In ba haka ba, ku nemo haƙorin. Ku riƙe shi ta farin kansa, kada ku taɓa saiwar. Idan ya yi datti, ku ɗauraye shi a hankali da madara, ko ruwan gishirin asibiti na ƙarin ruwa. Kada a kankare shi, kada a sa masa sabulu ko toka ko maganin wanke ciwo. Ku mayar da shi raminsa yadda yake fuskanta a da, yaron ya ciji tsaftataccen hankici, ku kama hanya.

Idan ba ku iya ba, ku tsoma shi a madarar ruwa, ba nono mai tsami ba. In babu madara, yaron ya tofa yawu a kofi a sa haƙorin ciki. Ruwa zalla ba shi da kyau ga saiwar, amma ya fi a naɗe haƙorin a takarda ya bushe. Idan karyewa ya yi, ku tafi da guntun a jiƙe, domin ana iya manna shi. In kun ga ɗigon ja a tsakiyar karayar, jijiya ce ta bayyana, kada a kwana.

Haƙorin nono, wato wanda yaro zai yi famfararsa, ba a mayar da shi, don kada a lahanta na dindindin da ke ƙarƙashinsa. Duk da haka a kai yaron a duba. In kuna shakkar wanne ne, ku sa shi a madara ku bar wa likita hukunci.

Ya kamata malaman firamare da na Islamiyya su san waɗannan matakai, tunda a hannunsu yara ke wuni. Ku kuma iyaye, tun yau ku binciki asibiti mafi kusa da ku da ke da likitan haƙori, ku san lokacin da yake buɗewa, ku ajiye lambarsa a waya. Ranar da abin ya faru, babu lokacin tambayar hanya.