Neman Haƙƙi Bayan Jin Rauni a Gefen Titi: Abin da Doka Ta Tanada

Duk wanda ya saba tafiya a ƙasa a cikin birnin Kano ya san cewa gefen titi yana da nasa haɗarin, musamman idan damina ta kankama. Kwatar da aka ɗauke wa murfi takan cika da ruwa har ta yi daidai da ƙasa, mai wucewa ba zai gane ba sai ya zurma. A wani wurin rami ne aka haƙa domin shimfiɗa bututu ko waya aka tafi aka bar shi a buɗe, a wani wurin kuma mai gini ne ya jibge yashi da bulo da rodi a kan hanyar jama'a. Idan mutum ya karye ko ya gurɗe a irin wannan wuri, abin da aka fi ji shi ne "tsautsayi ne", sai dangi su haɗa kuɗin magani, maganar ta wuce. Ba mu ja da ƙaddara, amma muna so jama'a su sani cewa doka ta ɗora wa wanda sakacinsa ya jawo raunin alhakin biyan diyya, kuma wannan haƙƙi yana da wa'adin da idan ya wuce babu kotun da za ta saurari mai shi.

Wa ke da alhakin wurin?

Wannan ita ce tambayar farko da lauya zai yi, kuma amsarta ce ke nuna yadda shari'ar za ta kasance. Manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, kamar hanyar Kano zuwa Zariya da Kaduna, na Gwamnatin Tarayya ne, kuma hukumar FERMA da aka kafa a shekarar 2002 ita ce ke da aikin gyaransu. Titunan jiha suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka da hukumomi irin su KARMA mai gyaran hanyoyi da KNUPDA mai kula da tsarin birni. Tsarin Mulki na 1999 kuwa, a jadawalinsa na huɗu, ya sanya gina titunan unguwanni da magudanan ruwa da fitilun kan titi da kula da su a cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Sai dai sau da yawa ba mai titin ne ya haddasa haɗarin ba. Yana iya zama ɗan kwangila, ko kamfanin da ya haƙa rami, ko mai shagon da ya ɗage murfin kwata don ya yashe ta bai mayar ba. Irin waɗannan ana kai ƙararsu kai tsaye, ko dai a kan sakaci ko a kan tare hanyar jama'a. A shekarar 1991, a shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wanda ya cutu saboda ɓarnar da aka yi a kan hanyar jama'a yana iya shigar da ƙara da kansa, ba sai ya jira Babban Lauyan Gwamnati ba. A fiƙihun Malikiyya ma hukuncin sananne ne: wanda ya haƙa rami ko ya ajiye wani abu a kan hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, shi ke lamunin abin da ya jawo.

Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida da muka gada daga dokokin Ingila, wadda ta bambanta tsakanin hukumar da ta yi aiki ta ɓata, da wadda ta bar titi ya lalace don kansa ba ta gyara ba. Ta farko ana kama ta da laifi, ta biyu kuwa a da ba a kama ta. Ingila ta soke wannan kariya da dokar da ta yi a 1961, amma lauyan hukuma a nan yana iya ɗauko ta ya kafa hujja. Saboda haka yana da matuƙar amfani a gano ko wani ne ya buɗe ramin da hannunsa, da kuma ranar da aka buɗe shi. Maƙwabtan wurin, masu shaguna da masu shayi da 'yan gadi, su suka fi kowa sanin wannan.

Wa'adin wata uku

A nan ne yawancin masu haƙƙi suke yin asara. Akwai Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta tarayya, kuma jihohin Arewa suna da irinta da suka gada daga dokokin tsohuwar Jihar Arewa. Dokar ta ce duk wanda zai kai ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya aikata, ko ya yi sakacin aikatawa, a bakin aikinsa, dole ne ya shigar da ƙarar cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. A shekarar 1998, a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Kula da Ma'aikatan Shari'a na Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan kariya ba ta tsaya ga ɗaiɗaikun ma'aikata ba, ta haɗa har da hukumomin gwamnati su kansu.

Mutane da yawa suna zaton cewa lissafin ba ya farawa sai an warke. Ba haka ba ne. Gaskiya ne dokar ta yi maganar cutarwar da ke ci gaba, amma kotuna sun fassara ta da ci gaban aikin da ya jawo cutar, ba ci gaban ciwon da ke jikin mutum ba. A farkon shekarun 1960, a shari'ar Obiefuna da Okoye, wani mutum da motar 'yan sanda ta buge ya tsaya jinya kafin ya kai ƙara, kotu ta kori ƙarar saboda wata uku sun shige. Mu kanmu muna ganin tsaurin wannan hukunci, domin wanda ƙafarsa ke rataye a gadon asibiti ba shari'a ce a gabansa ba, kuma lauyoyi sun daɗe suna kiran a sassauta dokar. To amma muddin tana nan, wajibi ne wani daga cikin dangi ya ɗauki nauyin ganin lauya tun majinyacin yana kwance.

Bugu da ƙari, dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun sharɗanta a aika musu da takardar sanarwar niyyar kai ƙara, galibi wata guda kafin a je kotu. Idan ba a aika ba, ana iya korar ƙarar tun ba a shiga cikinta ba. Ke nan wata ukun nan a aikace wata biyu ne. Haka kuma tattaunawar sulhu, ko alkawarin "za a duba" da wani jami'i ya yi da baki, ba ya tsayar da lissafin kwanaki. Idan wanda ake ƙara mutum ne mai zaman kansa ko kamfani, wa'adin ya kai shekaru, amma hujjoji ba sa jiran shekaru: ana cike ramin, shaidu kuma su tashi daga unguwar.

Abin da za a tanada

Lafiya ce a gaba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Mun san jama'armu da yawa sun fi natsuwa da masu ɗori na gargajiya, amma maɗori ba ya ba da rahoton da kotu za ta dogara da shi. Wanda ya fara zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Ƙashi na Dala, aka buɗe masa kati, aka ɗauki hoton ƙashi, yana da takardar da ke nuna ranar raunin da girmansa, kuma ana iya kiran likitan ya ba da shaida.

A ɗauki hoton wurin da wayar hannu a ranar ko washegari, daga kusa da kuma daga nesa yadda za a gane titin, a nuna ko akwai shinge ko alamar gargaɗi ko babu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da irin waɗannan hotuna idan aka haɗa da takardar da ke bayyana na'urar da aka ɗauke su da ita, don haka kada a sayar da wayar ko a goge asalin hoton. A rubuta sunayen waɗanda suka gani da lambobinsu. A adana kowane rasidi, na magani da na aiki da na mota. Kotu ta raba diyya gida biyu: kuɗin da aka kashe ko aka rasa, wanda sai an lissafa shi dalla-dalla an kawo hujjar kowanne, da kuma diyyar raɗaɗi da nakasa, wadda alƙali ne ke ƙiyasta ta. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu da ya yi wata biyu bai fita ba yana iya neman abin da ya rasa, in har yana da littafin ciniki ko shaidar da za ta nuna abin da yake samu.

A gaya wa lauya gaskiya duka. Idan mutum yana duba waya ne lokacin da ya faɗa, ko ya tsallake shingen da aka sa, wannan ba ya kashe ƙarar, sai dai kotu ta rage diyyar gwargwadon nasa sakacin. Ƙaramin yaro kuwa mahaifinsa ko waliyyinsa ne ke shigar da ƙara a madadinsa.

Inda za a sami lauya

Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofishi a kowace jiha. Dokarta ta 2011 ta ba ta ikon tsaya wa marasa ƙarfi a ƙararrakin neman diyyar haɗari, kyauta, ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar naira 70,000 a wata a shekarar 2024. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA su ma sukan ɗauki wasu shari'o'in kyauta. Ƙa'idojin aikin lauya sun halatta a yi yarjejeniyar cewa lauya zai ɗauki wani kaso daga diyyar idan an yi nasara, amma a tabbata an rubuta kason a takarda, an kuma fayyace wanda zai biya kuɗin shigar da ƙara. A yi hattara da 'yan kamasho da ke zagaya harabar kotu ko asibiti suna cewa za su haɗa mutum da lauya, domin lauyan kirki ba ya farautar masu ƙara.

Ba kowace magana ce sai ta kai ga hukunci ba. Kano tana da zauren sulhu a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha tun 2009, kuma yarjejeniyar da aka cim ma a can, idan alƙali ya sa mata hannu, tana da ƙarfin hukuncin kotu. Wannan hanya ta fi dacewa idan abokin shari'ar maƙwabci ne ko kamfanin da ke son kare sunansa. Ana kuma iya kai koke Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda take aiki tun 1975, sai dai ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma kai mata koke ba ya tsayar da wa'adin wata uku. Shi ya sa lauyoyi kan shigar da ƙara tukuna, sannan su zauna sulhu.

Ya kamata kuma mai ƙara ya san cewa samun hukunci a kan hukuma daban, karɓar kuɗin daban. Dokar zartar da hukuncin kotu ta buƙaci amincewar Babban Lauyan Gwamnati kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, abin da kan jawo jinkiri. Saboda haka idan akwai ɗan kwangila ko kamfani a cikin lamarin, lauya yakan haɗa shi a cikin waɗanda ake ƙara tun daga farko.

Ko da mutum bai yi niyyar zuwa kotu ba, muna roƙon ya sanar da hukumar da abin ya shafa a rubuce, ya faɗi sunan titin da daidai wurin, ya karɓi kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata. Mai unguwa ko kansila yana iya miƙa takardar a madadin jama'arsa. Idan aka gyara wurin, buƙata ta biya. Idan kuma ba a gyara ba har wani ya sake faɗawa, wannan kwafi shi ne zai nuna wa kotu cewa hukumar ta san da ramin tun ranar da aka buga hatimin.