RIGAR BANGO DA ISKA: DARASIN UNGUWANNIN GEFEN BIRANEN AMURKA

Ranar Litinin 24 ga watan Agusta na shekara ta 1992, wajen ƙarfe 5 na asuba, wata mahaukaciyar guguwa da aka laƙaba wa suna Andrew ta fito daga teku ta afka wa kudancin jihar Fulorida ta ƙasar Amurka. Ta shigo ta wajen garin Homestead, kimanin kilomita 50 kudu da birnin Mayami, tana gudun da ya kai kilomita 265 a sa'a guda. Da ƙura ta lafa, aka ƙirga gidaje fiye da 25,000 da suka rushe, wasu fiye da 100,000 kuma suka lalace. Asarar dukiya ta kai wajen miliyar 26 na dalar Amurka.

Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne, unguwanni maƙwabtan juna ba su sha wuya daidai ba. Wata unguwa ta tsira da raunuka kaɗan, wata kuwa, kamar Country Walk wadda gidajenta na katako ne, an yi mata tsirara. Da injiniyoyi suka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar da ƙusoshin da aka buga a banza ba su kama katakon da ke baya ba, da allunan da aka maƙale da ƴar siririyar waya maimakon ƙusa, da bangayen da ba su da komai a ƙarƙashin adonsu. Iska ta yi ɓarna, amma sakacin magina ne ya buɗe mata ƙofa.

MENE NE RIGAR BANGO?

Domin mai karatu ya fahimci zancen, ya kamata ya san yadda ake gina gida a waccan ƙasa. A yawancin unguwannin gefen birni, inda ma'aikata da masu matsakaicin hali suke zaune, ba a yin bango da tubalin laka ko bulon siminti. Kafinta ne ke kafa ginshiƙan katako a jere, tsakanin kowane biyu santimita 40. Sa'an nan a rufe su da faffaɗan allunan katako, a lulluɓe allunan da wata takarda mai hana ruwa shiga. A ƙarshe sai a jera wasu dogayen falankai a kwance daga ƙasa zuwa sama, kowane yana rufe bakin na ƙarƙashinsa kamar ɓawon kifi. Waɗannan falankai su ne rigar bango.

Rigar ba ta ɗauke da nauyin gida. Aikinta shi ne tare ruwa da rana da iska, kamar yadda yaɓe yake kare bangon ƙasa. Tana tsufa, tana tsagewa, launinta yana koɗewa, don haka mai gida yakan sake ta bayan shekaru masu yawa, ko kuwa bayan wata guguwa ta yage ta.

Da can da itace ake yin ta. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shiga yin ta da alminiyom. A ƙarshen shekarun 1950 aka fito da ta roba mai tauri, wadda ake kira binil, ta kuwa bazu domin tana da araha, ba ta da nauyi, ba ta kuma bukatar fenti. A farkon shekarun 2020, wajen gida ɗaya cikin huɗu na sababbin gidajen Amurka da ita aka suturta shi. Akwai kuma falankan da ake haɗawa da siminti da yashi da zaren itace, waɗanda wani kamfani da aka kafa a ƙasar Ostareliya mai suna James Hardie ya yi fice da su. Suna da nauyi da tsada, amma wuta ba ta cin su, gara ma ba ta cin su.

YADDA ISKA KE TUƁE GIDA

Mutane da yawa suna tsammani iska tura bango take yi har ya faɗi. Lalle tana tura fuskar da ta tarar, to amma mafi yawan ɓarnar riga ba nan take faruwa ba. Idan iska ta bugi gida, sai ta kewaye shi da gudu, kuma inda take wucewa da gudu tana zuƙo abin da ke gefenta. Saboda haka bangayen gefe da na baya jan su ake yi waje. Zuƙar ta fi tsanani a kusurwoyi, da goshin gida mai siffar dala wanda ke ƙarƙashin rufi, da kuma bakin rufin kansa.

Akwai wani lissafi da ya kamata a riƙe. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta ninkawa yake sau huɗu. Iska mai gudun kilomita 100 a sa'a tana danna kowane murabba'in mita da nauyin da ya kusa kilo 50. Idan ta kai kilomita 200, nauyin yakan kai wajen kilo 190, watau kusan buhu biyu na hatsi a kan ɗan filin da bai kai tabarma ba.

Falankan roba kuwa saƙale suke da juna: bakin na sama yana kama leɓen na ƙasa. Da zarar ɗaya ya kuɓuce, iska ta samu wurin sa hannu, sai ta bi sauran tana ɓalle su a jere kamar mai warware ɗinki. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Daga nan ruwan sama yake kutsawa, ya jiƙa allunan ciki, ya ruɓar da su a ɓoye. Falankan da suka tashi kuma sukan zama makami, su fasa tagar maƙwabci, kuma gidan da tagarsa ta fashe iska takan cika shi ta ɗaga rufinsa daga ciki. Ke nan aikin banza a gida ɗaya haɗari ne ga unguwa duka.

Wannan masifa ba ta tsaya ga mazauna bakin teku ba. Ranar 10 ga watan Agusta na 2020, wani jerin hadari mai iska ya ratsa jihar Ayowa, a tsakiyar ƙasar, nesa ƙwarai da teku. A birnin Cedar Rapids an kiyasta gudun iskar ya kai kilomita 225 a sa'a, ta kuma daɗe tana kaɗawa fiye da rabin sa'a. Ta taɓa mafi yawan gine-ginen birnin, kuma iyalai da dama sun yi watanni suna jiran kafinta da kayan gyara.

SIRRIN AIKIN YANA GA ƘUSA

Idan za a sake riga a unguwa mai iska, aikin kirki yana farawa da cire tsohuwar gaba ɗaya. Waɗansu masu neman sauƙi sukan ɗora sabuwa bisa tsohuwa, to amma wanda ya yi haka ya rufe ciwo ne bai wanke ba. Sai an tuɓe bango ake ganin allon da ya ruɓe, a canja shi, a ƙara wa na kirki ƙusoshi. Gidajen da aka gina kafin 1978 suna bukatar hattara ta musamman, domin tsohon fentinsu yana iya ƙunsar dalma, wadda guba ce, musamman ga yara.

Bayan haka sai a shimfiɗa takardar hana ruwa, ta sama tana hawa bisa ta ƙasa, a kuma sa ƙarfen kore ruwa a saman kowace taga da ƙofa. Sa'an nan a kafa layin farko na can ƙasa, wanda duk sauran za su dogara da shi. Idan wannan layi bai kamu sosai ba, aikin ya lalace tun daga tushe.

Buga ƙusa a falankin roba yana da ƙa'idar da za ta ba mai karatu mamaki: ba a danne ta har ƙarshe. Dalili shi ne roba tana miƙewa da zafi, tana tsukewa da sanyi. Falanki mai tsawon mita 3 da santimita 70 yana iya canja tsawo da fiye da santimita 1 tsakanin hunturu da bazara. Don haka ramukan ƙusa a jikinsa dogaye ne, kuma a tsakiyar ramin ake bugawa, a bar tazarar wajen milimita 1 tsakanin kan ƙusa da roba, yadda falankin zai iya motsawa. Wanda aka danne sosai yakan tanƙware ya kuɓuce, wanda aka bari sakwa-sakwa kuma iska ta yi wasa da shi har ta yage shi. Dole ƙusa ta nutse cikin itace wajen santimita 3, ta kama ginshiƙi, kuma tazarar ƙusa da ƙusa kada ta wuce santimita 40. A wuraren da iska ta fi ƙarfi akan zaɓi falanki mai kauri wanda aka ninka bakinsa biyu inda ƙusa take shiga, a kuma rage tazarar. Kusa da teku sai ƙusar da ba ta tsatsa, domin gishirin iska yana cinye ƙarfe.

Falankan siminti su ma suna da tasu doka. A inda iska ba ta da yawa, a sama kawai ake buga musu ƙusa, falanki na gaba ya ɓoye ta. A inda take da ƙarfi kuwa, akan buga ƙusar a fuska, kusa da bakin ƙasa, don kada iska ta ɗaga leɓen. Mai yanka su kuma dole ya kare hancinsa, domin ƙurarsu tana lalata huhu.

Duk waɗannan abubuwa, da zarar an gama aiki ido ba ya ganin su. Gidan da aka yi wa aikin gaskiya da wanda aka yi wa na ha'inci kamarsu ɗaya, har ranar da iska za ta zo ta bambanta su.

DOKA DA KUƊI

Wannan ne ya sa hukuma ta shiga zancen. A 1994 aka tsananta dokar gini ta kudancin Fulorida, a 2002 kuma doka guda ta fara aiki a jihar baki ɗaya. A yankin Mayami, kafin a yarda da kayan da za su kare bango ko taga, sai an jarraba su: ana harba musu gungumen katako mai nauyin kilo 4 da gudun wajen kilomita 55 a sa'a, sa'an nan a yi ta tura su ana zuƙo su da iskar inji sau dubbai. A garuruwa da yawa kuma mai gida ba ya fara aikin sai ya karɓi takardar izini, ma'aikacin hukuma ya zo ya duba. Binciken da aka yi bayan guguwoyin baya, kamar Ian ta 2022, ya nuna gidajen da aka gina bisa sabuwar doka sun fi jurewa, ko da yake riga da ƙarƙashin bakin rufi suna cikin wuraren da aka ci gaba da samun rauni.

Ta fuskar kuɗi ma an sami canji. Guguwar Andrew ta karya kamfanonin inshora da dama. A yau, a Fulorida, idan guguwa ta yi ɓarna mai gida ne ke fara biyan wani kaso daga aljihunsa, sau da yawa kashi 2 ko 5 cikin 100 na darajar gidan. Alal misali, gidan da aka yi wa inshorar dalar Amurka 300,000, kashi 2 nasa dala 6,000 ne. Ke nan idan riga kawai ta tashi, mai yiwuwa iyali su ɗauki mafi yawan nauyin su kaɗai. Bugu da ƙari, bayan kowace guguwa akan ga baƙin ƴan kwangila suna bi gida gida, su karɓi kuɗin kafin alƙalami, su yi aikin gaggawa ko su ɓace. Araha ba ta ado, balle ta tare iska.

ISKAR DA TA TASO DAGA AFIRKA

Mazaunin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana iya cewa wannan labarin nesa ne. To amma masana yanayi sun tabbatar da cewa mafi yawan manyan guguwoyin tekun Atlantika daga nahiyar Afirka suke samo asali. Da damina, kowane kwana uku zuwa biyar, wani motsin iska yakan taso daga gabas, ya ratsa Cadi da Nijar da Mali yana tara hadari, ya fita teku ta wajen Senegal. Mafi yawansu can suke mutuwa, kaɗan kuwa sukan girma bisa ruwa mai ɗumi. Wanda ya haifi Andrew ya bar gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga watan Agusta, kwana goma kafin ya isa Fulorida.

Gidajen Nijar ba su sa rigar roba, amma suna da kwanon rufi, kuma dokar iska ɗaya ce a ko'ina. Hadarin gabas na farkon damina ba danna kwano yake yi ba, zuƙo shi sama yake, yana kuma farawa daga kusurwa da baki. Duwatsun da ake jerawa bisa rufi shaida ne cewa jama'a sun daɗe da gane haka. Sai dai dutse ba ya maye gurbin ƙusar da ta kama katako, ko wayar ƙarfe da ta ɗaure katakon da bango. Saboda haka mai gida ya ƙara ƙusoshi a kusurwoyi da bakin rufi, ya kuma tsaya bisa aikin tun kafin a rufe abin da ido ba zai sake gani ba. Ma'aikacin hukuma da aka ɗora wa karɓar ajin lakwal ko ɗakin shan magani daga hannun ɗan kwangila, shi ma ya sa tsani ya hau ya duba kafin ya sa hannu a takardar biya, domin yaran da za su zauna ƙarƙashin wannan rufi amana ne a wuyansa.