Lauje Na Girbi Ne, Ba Na Faɗa Ba

Duk wanda ya san Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa ya san gonaki sun matsu, iyaka na gogar iyaka, ga kuma babbar kasuwar hatsi cike da 'yan dako. A irin wannan wuri da wuya ka ga hannun da ba ya riƙe da lauje ko gatari ko adda. To, gardamar iyakar gona ba ta da wuyar zama jini. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana abin da doka ta ce.

A 1958 Gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Bisa shawararsu aka yi dokar Final Kod a 1959, ta fara aiki a 1960. Tushenta dokar Sudan ce, ita kuma daga ta Indiya ta 1860.

Sashe na 248 ya yi magana kan wanda ya ji wa wani rauni da gangan da abin harbi, ko na suka, ko na yanka, ko wuta, ko guba, ko ruwa mai cin fata, har da dabba. Hukuncin da aka ajiye ɗauri ne har shekara 3, ko tara, ko duka biyu. In raunin mai tsanani ne, watau kamar makanta, ko karayar ƙashi, ko ɓata fuska, ko ciwon da ya hana mutum sana'arsa kwana 20, ɗaurin yana iya kai shekara 14 tare da tara. Ashe lauje kayan aiki ne a gona, amma da zarar an ɗaga shi kan mutum ya zama makami.

A shekara ta 2000 Jihar Kano ta kafa dokar Shari'a, wadda ta tanadi ƙisasi da diyya a kan rauni. A 2015 kuma aka yi doka a Abuja mai ɗaure wanda ya watsa wa wani asid rai da rai.

Malamai da ma'aikata, ku ne jama'a ke kawo wa takarda ku karanta. Ku koya wa yara, ku gargaɗi manya: maganar iyaka a kai ta gaban mai unguwa, ko dagaci, ko alƙali. Fushin minti ɗaya kan hana magidanci damina 14. Allah Ya kiyashe mu, amin.