Dokar 2035 da Kwalaben Mai na Kara-Kara

Tun da aka ji a ƙarshen 2025 cewa hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta kawo shawarar sassauta dokar daina sayar da motoci masu shan fetur da gazuwal, hira ta rabu gida biyu a fadodin matasa da tashoshin motar Damagaram. Wasu na cewa Turawa sun ga ba za ta yiwu ba, magana ta mutu, sai a ci gaba da tatsar rijiyoyin man Agadem hankali kwance. Wasu kuma na cewa tun asali makirci ne, an jira sai da Nijar ta fara sayar da ɗanyen mai sannan aka ce mai ya zama guba. Duka biyun sun kauce wa abin da dokar ta ƙunsa. An amince da ita a watan Maris na 2023, ta kuma shafi sababbin motoci ne kawai, waɗanda za a sayar daga 2035. Tsohuwar mota tana nan a hannun mai ita, yana iya tuƙa ta, yana iya sayar da ita, yana kuma iya loda ta a jirgin ruwa. Sassaucin da ake magana a kai rage hayaƙi ne da kashi 90 cikin ɗari maimakon ɗari bisa ɗari. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin fasa tafiya bai duba lissafin ba.

Damagaram ta fi kowane gari a Nijar dalilin tsayawa ta saurari irin wannan labari, domin an taɓa canza hanyar sufuri a wani wuri ba tare da an tambaye ta ba, ita kuma ta biya kuɗin. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin ya zama babban zango a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Abzin da Gat har Tarabulus. Da kuɗin wannan fatauci aka gina ganuwa, aka sayi bindigogi, aka ƙera igwa a cikin Birni. Ayari kan fita da fatu da gashin jimina da hauren giwa, da kuma bayi, abin da bai kamata a ɓoye ba, ya dawo da tufafi da takarda da sukari. Unguwar Zango ta cika da Abzinawa da Larabawan Gadamas da Tarabulus, attajirai irin su Malam Yaro suna da wakilai a garuruwa masu nisa. Duk wanda ya ga wannan arziki a lokacin zai rantse cewa muddin akwai hamada akwai raƙumi, muddin akwai raƙumi akwai Damagaram.

Sai layin dogo ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta afka wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana jan su cikin rairayi, jirgin ƙasa ya riƙa kai su bakin teku cikin kwanaki, a farashin da madugu ba zai iya karawa da shi ba. Fatun suka juya kudu. Gashin jimina da ma ya riga ya faɗi tun da aka fara kiwon jiminar a Afirka ta Kudu, kasuwarsa ta ƙarasa rushewa a 1914. Ba a kafa wata doka da ta hana raƙumi tafiya ba, raƙuman suna nan da ƙarfinsu, masu ɗaukar hayarsu ne suka ɓace. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni suka kai Yamai, Damagaram ta koma garin da ake tara gyaɗa a tura Kano. Littattafan makaranta sukan tsaya kan kisan hafsan Faransa Kazamaju a 1898 da shigowar sojan Faransa a 1899, su tsallake wannan babi, alhali shi ne ya fi bayyana dalilin da ya sa jikokin fatake suke neman abin kaiwa baki a bakin titi yau.

A dawo kan mai. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gabar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, an yi shi ne don ganga 90,000 a rana, kuma sai a 2024 aka loda jirgin farko. A shekarar ce kuma gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin gaba kan man da ba a riga an sayar ba. Irin waɗannan ayyuka ana lissafa su ne da shekaru ashirin ko talatin, wato rayuwar bututun za ta ratsa 2035 ta wuce. Abin da masu zancen makircin Turawa suke mantawa shi ne ƙasar da ta fi kowa gudu wajen barin fetur ita ce Sin ɗin da ta gina mana matatar. A 2024 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a can masu caji ne, a duniya kuma an sayar da sama da miliyan 17. Motocin kan hanya ne ke shanye kusan rabin man da duniya ke ƙonawa. Ba sai an daina sayen mai kwata-kwata ba kafin mu ji a jikinmu, ya isa buƙata ta daina hawa, farashi ya sauka, mai rijiya a tsakiyar hamada da doguwar hanya zuwa teku ya fara asara kafin mai rijiya a bakin ruwa.

Kara-Kara ta riga ta ɗanɗana yadda shawarar da aka yanke a nesa ke rufe sana'a. Unguwa ce da aka tsugunar da masu cutar kuturta a gefen Damagaram, ƴaƴansu da jikokinsu suka tashi mutane na ƙyamarsu, da yawa babu takardar haihuwa balle makaranta. Fim ɗin Aisha Maki na 2021 mai suna Zinder ya nuna wa duniya matasan da ke taruwa a ƙungiyoyin da ake kira “pale”, ya kuma nuna abin da suke ci da shi: fasa dutse, kabu-kabu, da shigo da fetur daga Najeriya ta ɓarauniyar hanya, sana'ar da ake kira ruwa-ruwa. Wannan sana'a gaba ɗayanta ta tsaya ne kan tazarar farashi tsakanin ƙasashen biyu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, tazarar ta rufe, kwalabe da jarkokin bakin titi suka ragu. Daga nan aka gano yawan man da ƴan ruwa-ruwa ke shayar da ƙasar, domin da jama'a suka koma gidajen mai sai SORAZ ta kasa ƙosar da su, har a watan Maris na 2025 aka yi dogayen layuka a ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai, sai da aka nemi tankoki daga Najeriya. Babu hukumar da ta zauna ta tambayi inda waɗannan samari suka nufa bayan kasuwarsu ta watse, kuma wannan sakaci abin kunya ne.

Akwai masu cewa dokar Turai alheri ce gare mu, tsofaffin motoci za su yi araha. Za su yi, na ɗan lokaci. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Abin da zai biyo baya shi ne kwararar ƴan Kwatano mafi tsufa da hayaƙi, waɗanda aka hana shiga tsakiyar biranen can, sannan sannu a hankali kayan gyaransu su yi tsada saboda masana'antun sun juya wani wajen. CEDEAO ta tsara ƙa'idar shekarun motar da za a shigo da ita a 2020, Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Wajibi ne ƙawancen AES na ƙasashen Sahel ya kafa tasa ƙa'idar, kada ƙasashenmu su zama inda ake zubar da abin da aka ƙi.

Hujja mafi ƙarfi ta masu shakkar motocin caji a nan ita ce ta wuta, kuma gaskiya ce. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar. Kafin juyin mulkin Yulin 2023 wajen kashi 70 na wutar kamfanin lantarki na NIGELEC daga Najeriya take zuwa, yankin Maraɗi da Damagaram yana rataye da layin da ya taso daga Katsina, kowa kuma ya ga abin da ya faru da aka katse a watan Agustan wannan shekara. Madatsar Kandaji har yau ba ta ba da wuta ba. Habasha, da ta hana shigo da motocin fetur da gazuwal a 2024, ta yi hakan ne tana gab da kammala madatsar da za ta iya ba da sama da megawat 5,000, kuma kwaikwayonta a nan wauta ce. Amma wannan hujja tana nuna inda ya kamata kuɗin mai su tafi ne tun yana da daraja. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 tana kusa da Yamai, ta Malbaza tana jihar Tawa, jihar da ke ɗauke da matatar kuwa tana fama da ɗauke wuta a tsakiyar zafin Afrilu. Mai cewa hayaƙin Nijar bai taka kara ya karya ba a lissafin duniya shi ma ya yi gaskiya, sai dai batun da ke gabanmu na ciniki ne da abin da direba zai kai gida da yamma.

Kuma ba da mota za a fara ba. Abin hawan talakan Damagaram babur ne da adaidaita, su ne kuma suka fi sauƙin juyawa zuwa batir, domin tafiyarsu gajera ce, cikin gari. A Kwatano da Lome kamfanin Spiro ya kafa wuraren da ɗan kabu-kabu ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin mintuna, Ruwanda kuma ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali daga 2025. Zafinmu da ƙurarmu na cin batir, don haka a gwada da ƴan babura kaɗan a auna, rumfar caji a ƙarƙashin faifan hasken rana ba ta jiran layin Katsina. Aikin hukumar birni da gwamna da Jami'ar André Salifou ne su fara wannan gwaji, aikin duwan ne ta sauke haraji kan batir da faifai, aikin ƴan majalisar shawara na jihar ne su nemi a bayyana rabon da yankin ke samu daga kuɗin mai da abin da aka yi da shi. Rumfunan farko kuwa a Kara-Kara ya dace a kafa su, a hannun samarin da suka san kowane ɗan kabu-kabu da sunansa tun suna zuba masa lita a kwalba, tare da horo kan gyaran waya da batir da takardar shaidar da za su iya nunawa a ko'ina.