Kifi a Ƙarƙashin Ƙanƙara

'Yan'uwa, a arewacin Amurka sanyin hunturu yakan daskarar da ruwan tafki har mutum ya taka a kai. In kaurin ƙanƙarar ya kai inci 4, masunta sukan huda rami su zura ƙugiya da tsutsa. Cikin kifin da suka fi nema akwai yalo-fac, ɗan madaidaici mai ruwan ɗorawa da zane baƙi-baƙi.

A babban Tafkin Mishigan kifin nan ya ragu ƙwarai tun wajen 1990. Me ya jawo? Jiragen ruwa daga Turai sun shigo da wata irin ƙumba, aka fara ganinta a yankin a 1988. Takan tace ruwa, ta cinye ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci. Wani baƙon kifi kuma yana cin 'ya'yan, ga kamu ya yi yawa. A 1996 Jihar Wiskonsin ta hana kamun sayarwa a yawancin ɓangarenta na tafkin, amma har yau kifin bai koma yawansa na dā ba.

Mu lura: tafki in ya lalace, gyaransa da wuya. Mu bar ƙananan kifi su girma, kada kuma mu zuba baƙon iri a ruwa ba da shawara ba.