Kyamarar Tsaron Rumbu Da Turke

Da kaka ta yi, aka shigar da hatsi rumbu, sai barcin manomi ya ragu. Haka kuma mai kiwon raguna in Babbar Salla ta gabato. Shi ya sa waɗansu manoma da 'yan kasuwa ke kafa kyamarar tsaro a gidajensu. Amma da yawa sai bayan an yi sata su tarar hoton bai nuna fuskar kowa ba. Laifin kuwa yakan zama na zaɓen ido ne, ko na wurin kafawa.

Idon kyamara, watau gilashin da ke gabanta, da milimita ake auna shi, akan kuma rubuta lambar a jikin kwali. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in lamba ta yi ƙanƙanta gani ya yi faɗi, in ta yi girma gani ya tsuke amma ya jawo na nesa. Ido mai milimita 2.8 yakan ɗauki wajen digiri 100, ya game tsakar gida duka, amma wanda ya tsaya can nesa sai ya fito ɗan mitsitsi. Mai milimita 6 yakan ɗauki wajen digiri 50, shi ne ya dace da ƙofar sito ko bakin turke. Mai milimita 12 kuwa na doguwar hanya ne.

Saboda haka mai kuɗin kyamara biyu ya sa mai faɗin gani a tsakar gida, ta nuna abin da ya faru, ɗayar kuma a ƙofa, ta nuna wanda ya yi. Mai kuɗin guda ya kafa ta inda tilas ɓarawo ya bi da buhu ko da dabba.

Tsayin da ya kyautu shi ne ƙafa 8 zuwa 10. In ta yi ƙasa a fizge ta, in ta yi sama ainun sai hula kaɗai za ta ɗauka. Kada ta fuskanci gabas ko yamma sosai, gama hantsi da la'asar rana za ta cika mata ido, mutum ya zama inuwa.

Da dare tana gani ne da wata fitila tata wadda idon mutum ba ya gani, galibi takan kai mita 20 zuwa 30. In farin bango ko ganye yana dab da ita, hasken sai ya dawo ya dushe hoton. Yanar gizo ma haka take yi. Lalle a riƙa goge gilashin da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa.

Inda babu lantarki akwai mai aiki da hasken rana da layin waya. A kafa farantinta yana duban kudu, inda inuwa ba ta kaiwa. Akwatin ajiye hoto kuwa, in akwai, a ɓoye shi a ɗaki, don kada a tafi da shi tare da hatsin.

Kada kyamara ta leƙa cikin gidan maƙwabci, ko makewayi, domin kowa yana da hakkin sirrinsa. In an gama kafawa, a sa yaro ya bi ta ƙofar da rana, ya sake bi da dare. In ba a shaida fuskarsa ba, to, a gyara. Hoto mai duhu yakan jawo a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, zumunci ya ɓaci a banza.

Kyamara dai shaida ce kurum, ba ta hana ƙofa buɗuwa. Kwaɗo mai ƙarfi da maƙwabci nagari har yanzu su ne farkon tsaro.