Yarinyar Bakin Taga

 Yau littafi na zo muku da shi, daga can ƙasar Japan. Kada wata ta ce to ni ina ruwana da Japan? Ɗan saurara uwargida, musamman idan kina da yaron da kullum sai an kawo miki ƙararsa.

Wadda ta rubuta littafin sunanta Tetsuko Kuroyanagi, an haife ta a birnin Tokyo a 1933. 'Yar aikinmu ce, mai gabatar da shiri a talabijin, shirinta na hira da baƙi ma tun 1976 ta fara shi. Littafin ya fito da Japananci a 1981, wata baiwar Allah mai suna Dorothy Britton ta fassara shi zuwa Turanci. Sunansa Totto-chan, wato laƙabinta na yarinta, cikakken sunan kuma yana nufin yarinyar bakin taga. Ba dogon labari ba ne mai zare ɗaya. Gajerun labarai ne na abin da ta tuna, kowanne shafi biyu ko uku, kina iya karanta ɗaya kafin tukunya ta tafasa. An buga fiye da kwafi miliyan 25 a duniya.

Tun tana aji ɗaya aka kori Totto daga makaranta. Laifinta? Ba ta zama wuri ɗaya. Ta buɗe murfin teburinta ta rufe, ta buɗe ta rufe, ana tsakiyar darasi ta tashi ta je bakin taga tana kiran makaɗan da ke wucewa a titi, ko ta tsaya hira da tsuntsaye. Malama ta gaji, ta kira uwar ta ce a ɗauke ta.

To ga inda nake son mu tsaya. Uwar ba ta faɗa wa yarinyar cewa korar ta aka yi ba. Ba duka, ba gori. Cewa kawai ta yi ko za su gwada wata makaranta. Sai da Totto ta kai shekara 20 sannan ta ji gaskiyar magana. Ni kam a nan na ajiye littafin na yi shiru, domin na san da wuya bakina ya iya riƙe irin wannan ko da mako guda, balle a ce ranar da yarinya ta ɓata mini rai.

Sabuwar makarantar sunanta Tomoe, ɗalibanta ba su wuce 50 ba, azuzuwan kuwa tsofaffin taragun jirgin ƙasa ne. Ranar farko shugaban makarantar, Sosaku Kobayashi, ya zaunar da ita ya ce ta faɗa masa duk abin da take so. Awa huɗu tana zuba, yana saurare, ko hamma bai yi ba. Ta ce ba ta taɓa samun babban da ya saurare ta haka ba. Kuma duk ranar da suka haɗu sai ya tuna mata cewa ita fa yarinyar kirki ce. Ƙiriniyar ba ta ƙare rana ɗaya ba, gaskiya. Amma yarinyar da aka kora ta koma ɗokin gari ya waye ta tafi makaranta.

A can, da safe malama za ta jera darussan ranar a allo, kowane yaro ya fara da wanda ya fi so. Abincin rana kuma sharaɗi ɗaya ne: a zo da abu daga teku da abu daga tudu, wato kifi ko makamancinsa, da ganye ko ƙwai ko nama. Wanda nasa bai cika ba, matar shugaban tana zagayawa da tukwane biyu ta cika masa. Akwai yara masu naƙasa a cikinsu, har da abokinta mai shan inna da ta yi ta fama sai da ta hawar da shi bishiya. Yaron ya rasu daga baya, wannan babin sai mai ƙarfin zuciya.

A 1945 jiragen yaƙin Amurka suka yi wa Tokyo ruwan bama-bamai, makarantar ta ƙone ƙurmus. Kobayashi ya rasu a 1963. Ita kuwa Totto, a 1984 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya naɗa ta jakadiya, a 1985 kuma ta zo Nijar ta ga yaran da fari ya shafa.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a shafa mini kan yara, a huta lafiya.